Ina Ta Ga Ta Zama? Talauci da Lokacin 'Ya Mace

 

 Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, ina kuma godiya ta musamman ga iyaye mata da ke cikin ɗakin nan, domin na san kowaccenku sai da ta yi dabara kafin ta fito. Wata ta yi girkin rana tun da hantsi, wata ta bar wa maƙwabciya ajiyar yara, wata kuma tana zaune a nan amma hankalinta yana kan tukunyar dare.

A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da sakamakon wani babban bincike, inda ta ce 'yan Nijeriya miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna fama da talauci ta fuskoki da dama: abinci, lafiya, makaranta, ruwan sha, muhalli. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan mutane a Arewa suke. An yi ta tattauna wannan adadi a rediyo da jaridu, kuma ya cancanci haka. Sai dai akwai wata asara da talauci ke jawowa wadda ba kasafai ake kawo ta a irin wannan lissafi ba, ita ce ta lokaci. Abin da mai hali ke saya da kuɗi, talaka da lokacinsa yake saye. Mai hali ya murɗa famfo, talaka ya bi layin rijiya. Mai hali ya kunna gas, talaka ya shiga daji neman itace. Mai hali ya hau mota, talaka ya taka. Kuma idan muka leƙa cikin gidan talakan, za mu tarar ba kowa ke biyan wannan farashi daidai da kowa ba. Kaso mafi tsoka yana kan uwa, abin da ya fi ƙarfin uwa kuma sai ya gangara kan 'yarta. Abin da na zo faɗa ke nan.

Bari mu ɗauki tuwon dare, wanda kowannenmu ya ci jiya. A gidan da ke da hali, gari yana cikin leda ko a buhu, an niƙo an tankaɗe. A gidan manomi talaka kuwa, tuwo daga rumbu yake farawa. A ciro damin gero ko dawa, a yi sussuka, a sheƙe, a zuba a turmi a yayyafa ruwa a yi surfe har dusa ta fita, a bakace, a wanke, a rege tsakuwa, a shanya ya sha iska. Daga nan in akwai kuɗin niƙa a aiki yarinya inji, ta je ta tarar da layin kwanuka, ko ta tarar mai injin ya ce babu mai. In babu kuɗin, a koma turmi a yi ta daka ana tankaɗewa, ana mayar da tsaki, har gari ya samu. Sannan a hura wuta, kuma in damina ce itacen ɗanye ne, a yi ta fifita ana hawaye. A ɗora ruwa, a yi talge, a jira ya nuna, a tuƙa, a rufe ya turara, a kwashe. Miya kuma nata aikin daban: dakan kuka ko kuɓewa, dakan daddawa da barkono. Duk wannan da goyo a baya, wani yaron yana jan zani. Mutanen gida su cinye cikin minti goma, a tara mata kwanuka. Gobe da asuba a sake daga farko.

Ruwa kuwa, mu yi lissafinsa tare. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a rana a matsayin ɗan abin da mutum ɗaya zai lallaɓa da shi, ya sha, a yi masa girki, ya ɗan tsaftace jiki. Gida mai mutum takwas yana bukatar lita 160 ke nan, jarka takwas mai cin lita 20, kowace jarka nauyinta kilo 20. A ma'aunin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, in zuwa da bin layi da dawowa bai wuce minti 30 ba, ana ganin gidan ya samu ruwa daidai gwargwado. To mu ce kowane sawu minti 30 ne cif. Sawu takwas awa huɗu ke nan, a gidan da ake ganin yana cikin masu sa'a. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2023 ya ce mutum biliyan 1.8 ne ke zaune a gidajen da babu ruwa a cikinsu, kuma a gida bakwai cikin goma na irin waɗannan, mata da 'yan mata ne ke ɗebowa. A biranenmu akwai 'yan ga-ruwa, gaskiya ne, amma kura kuɗi ce. Ranar da babu kuɗin kura, kowa ya san wa ake miƙa wa bokiti da gammo.

Wannan ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tattara alƙaluma daga ƙasashe da dama a 2018, ta gano cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na aikin gida da reno da jinya da ba a biyan kowa, mata ne ke yi. A matsakaicin lissafi mace tana ba shi awa 4 da minti 25 a rana, namiji kuma awa 1 da minti 23. Mata miliyan 606 da suka isa aiki sun ce wannan hidima ce ta hana su neman aikin albashi, maza kuwa miliyan 41. Tun a 1977 wata masaniyar tattalin arziki a Amurka mai suna Clair Vickery ta ja hankali cewa gidaje biyu za su iya samun kuɗi daidai wa daida, amma ɗaya ya fi ɗaya talauci nesa ba kusa ba, in a gida na biyun mutum ɗaya ne ke neman kuɗin kuma shi ke yin duk hidimar. Ita gwauruwar Amurka mai renon 'ya'ya ita kaɗai take nufi. Mu sai mu tuna da bazawarar unguwarmu mai marayu biyar.

Na san wani daga cikin iyayena maza zai ce, to mu ɗin hutawa muke? Ba hutawa kuke ba. Ɗan dako a kasuwa, da mai tura baro, da ɗan acaba da ke yini cikin rana da ƙura, da manomin da ke duƙe tun sassafe, babu wanda zai kira su masu hutu sai wanda bai san wahala ba. Amma akwai bambanci guda biyu da ya kamata mu yarda da su. Na farko, aikin namiji yana da lokacin tashi. In an yi Magariba ya ajiye, ya yi wanka, ya ci abinci, ya fita majalisa ko teburin mai shayi ko gidan kallon ƙwallo, ya ji labarin gari, ya ji inda ake neman ma'aikata da inda ake rabon taki. Aikin mace ba shi da lokacin tashi, domin yaron da ya farka da zazzaɓi ƙarfe biyu na dare ba ya duba agogo. Na biyu, aikin namiji ana biyansa, ko da kaɗan ne, saboda haka ana kiransa aiki. Je ka tambayi magidanci sana'ar matarsa, sai ya ce maka ba ta aikin komai, tana gida. Ita kanta haka za ta faɗa wa mai ƙidaya in ya zo da takardarsa. Matar da ta riga kowa tashi, ta kuma kwanta bayan kowa, an rubuta ta cikin marasa aiki.

Tarihinmu ma ya san darajar hutun mace. A 1949 zuwa 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata dattijuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, ta rubuta tarihin rayuwarta, littafin ya fito a 1954. Daga abin da wannan littafi da binciken mijin marubuciyar, M. G. Smith, suka nuna, a da noma da ɗebo itace aikin bayi mata ne, kuma da bauta ta kau, mata da yawa sun bar gona da daji suka koma cikin gida, domin hakan alama ce ta 'yanci da mutunci. Kulle a al'adarmu da sharaɗinsa yake tafe: mijin da ya ce matarsa ba za ta fita ba, shi zai kawo ruwa, ya kawo itace, ya kawo cefane. A gidan mai hali ana cika wannan sharaɗi. A gidan talaka kuwa an riƙe kullen, sharaɗin ya gagara. Ruwan dai dole ya shigo, itacen dole ya shigo, to wa zai kawo? Yara.

A nan ne zancen ya fi taɓa min zuciya. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a 1969 a kan kasuwar da ke ci a ɓoye cikin gidajen Hausawa, inda mata ke saye da sayarwa ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Enid Schildkrout kuma ta zauna cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa wannan kasuwa a kan yara take tafiya, musamman 'yan mata. Su ke kai niƙa, su ke sayo kayan haɗi, su ke ɗaukar talla, su ke karɓo bashi. Ribar kuma mafi yawa kayan ɗakin ita yarinyar ake tarawa. Shekara hamsin ke nan, amma wanda ya tsaya a bakin tasha ko ƙofar makaranta yau zai ga abin bai canja ba.

Ina roƙon kada mu yi saurin zagin uwar da ta ɗora wa 'yarta talla. Mu dubi yininta tukuna. Mai ƙosai ta jiƙa wake tun dare, ta surfe, ta wanke, an kai markaɗe kafin asuba, ta buga ƙullu har hannunta ya sage, tana gaban kasko kafin gari ya waye. Mai awara ta tace ƙullun waken suya, ta dafa, ta zuba ruwan tsami, ta matse, ta yanka, ta soya. Ribar da za ta samu ita ce kuɗin sabulu da na maganin zazzaɓi da na adashi. Ba za ta iya soyawa ta kuma fita sayarwa ta kuma yi reno a lokaci guda ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, hannun da ke kusa da ita kuma na 'yarta ne. Uwar ba mugunta take yi ba, rance take ci daga lokacin yarinyar domin ta cike giɓin nata. Sai dai wannan rance ba a taɓa biyansa, domin shekarun ƙuruciya ba sa dawowa.

UNICEF ta ƙiyasta a 2016 cewa 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 sun fi takwarorinsu maza ba aikin gida lokaci da kashi 40 cikin ɗari, wato ƙarin awa miliyan 160 kowace rana a faɗin duniya. Mu sauko da shi gida. A ce yarinya tana yin aikin awa biyu kacal fiye da ɗan'uwanta a kowace rana. A shekara awa 730 ke nan. In yinin makaranta awa shida ne, ta yi asarar abin da ya haura yini 120 na karatu, alhali sunanta yana cikin rajista, kuma gwamnati tana ƙirga ta cikin masu zuwa makaranta. Ta zo a makare domin sai da ta cika randa. Ta zauna a aji tana gyangyaɗi. An ba da aikin gida, ɗan'uwanta ya yi nasa da la'asar, ita tana bakin murhu, da dare kuma babu wuta. Jarrabawa ta zo ta faɗi. Sai a ce ai ba ta da ƙoƙari, kan nata ba ya ja, gara a yi mata aure. Ta shiga ɗakin miji ba karatu ba jari, ta haifi 'ya mace, ranar da aiki ya sha kanta ta waiga ta kira ta. A arewa maso yamma da arewa maso gabashin Nijeriya, fiye da rabin 'yan matan da suka isa firamare ba sa zuwa, kamar yadda UNICEF ta sha faɗa. Muna yawan ɗora laifin a kan al'ada da jahilcin iyaye. Suna da nasu kason, amma ni a ganina rijiya mai nisa da tsadar itace sun fitar da 'yan mata daga aji fiye da yadda muke zato.

Wani zai ce, in ta samu sukunin ma me za ta yi da shi, ban da hira da yawon biki? Ko da hirar ce, haƙƙinta ce, domin ɗan Adam ba inji ba ne. Amma mu duba abin da ke cikin sukuni. A ciki ake zuwa Islamiyya. A ciki ake zuwa awo, a kai yaro rigakafi, a je asibiti tun ciwo bai ci jiki ba. Mata nawa ne suka yi ta ɗaga zuwa ganin likita suna cewa sai na samu sarari, har abin ya zama na kwanciya? A ciki ake sada zumunci, a je gaisuwa da barka, wanda shi ne jarin talaka ranar da ta ɓaci. A ciki ake sauraron rediyo, a san abin da ake ciki, a je taron da ake yanke shawarar inda za a haƙa rijiya. A ciki uwa ke zama da ɗanta ta yi masa tatsuniya, ta tambaye shi abin da aka koya masa yau.

Addininmu bai ɗauki wannan da wasa ba. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci sukuni tare da lafiya a matsayin ni'imomi biyu da mutane da yawa ke tafka asara a kansu. Ya tabbata cewa mata sun same shi suka koka cewa maza sun rinjaye su wajen samun karatu a gurinsa, ya kuwa ware musu rana tasu. Ya tabbata cewa Nana Faɗimatu ta koka da abin da dutsen niƙa ya yi wa hannunta. Da aka tambayi Nana A'isha abin da yake yi a cikin gida kuma, ta ce hidimar iyalinsa yake tayawa har lokacin salla ya yi. A nan ƙasarmu, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna ɗora musu girki da wanki kamar don shi aka halicce su, su kuma suna waje suna karantar da ɗalibai. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta fahimci cewa matar aure mai yara ba za ta iya barin gida ta yi tafiyar neman ilimi ba. Sai ta kafa tsarin 'Yan Taru: jaji, wato shugabar tawaga, ta jagoranci dattawan mata da 'yan mata su zo wurinta, su haddace darasi cikin waƙa, su koma ƙauyukansu su kai wa matan da ke cikin gida. Ba ta tsaya jiran mata su samu sarari ba, ta auna yininsu ta kai musu ilimi a yadda za su iya ɗauka.

Wannan hikima ce nake ganin shirye-shiryen tallafin mata na yau suna yawan rasawa. A tara mata a ba su keken ɗinki, ko awaki, ko bashin jari, a ɗauki hoto, a watse. Niyyar mai kyau ce. Amma an ƙara wa matar aiki, ba a rage mata ko ɗaya ba. Ruwan yana nan, dakan yana nan, renon yana nan. Ko dai keken ya koma ƙarƙashin gado, ko ta rage barcinta, ko ta cire babbar 'yarta daga makaranta ta riƙe mata gida. Duk wanda zai kawo wa mace sana'a, ya fara tambayar kansa daga ina awoyin za su fito.

An gwada a wasu wurare an ga amfani. A ƙasar Mali, tun shekarun 1990, shirin raya ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya ya taimaka aka kafa wa ƙungiyoyin mata na ƙauyuka ƙaramin inji guda mai niƙa da surfe, wani wurin har da ba da wuta, matan da kansu ke tafiyar da shi. A Afirka ta Kudu, binciken Taryn Dinkelman na 2011 ya nuna cewa da aka kai lantarki karkarar KwaZulu-Natal, gidaje suka rage girki da itace, yawan matan da ke aikin samun kuɗi kuma ya ƙaru da kusan tara cikin kowane ɗari. Mu ma mun ga akasin haka da idonmu. Da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kowa ya yi maganar kuɗin mota. Kaɗan ne suka lura kuɗin niƙa da na ruwan burtsatse sun tashi, kuma a gidaje da yawa an sake jin ƙarar taɓarya inda aka daɗe ba a ji ba. Gidajen da suka fara amfani da gas kuwa, da ya yi tsada sai suka koma gawayi da itace, da hayaƙin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irinsa na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020.

Ga masu riƙe da muƙami da ke wurin nan: famfon tuƙa-tuƙa da ya lalace a unguwa aikin ilimin 'ya mace ne, a sa gyaransa a wannan matsayi. Sau da yawa abin da ya tsayar da shi ɗan ƙarfe ne ko roba da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma ya shekara a mace domin waɗanda ke shan wahalar rashinsa ba su ne ke zama a taron ba. A asibitocinmu, a daina tara mata masu juna biyu tun asuba su yini a kan benci saboda awon minti goma. A raba musu lokaci. Ƙasashe irin su Ghana da Tanzaniya da Afirka ta Kudu sun yi ƙidayar yadda mutanensu ke kashe awoyin yini, jihohinmu ma za su iya.

Iyayena maza, cika randa kafin a fita kasuwa ba ya rage girman kowa. Iyayena mata, ku ma akwai naku: ɗa namiji yana da hannu biyu, ya iya wanke kwano, ya iya ɗauko ruwa, ya iya riƙe ƙaninsa. In 'yar'uwarsa tana shara yana ƙwallo, mu muka koya masa cewa lokacinsa ya fi nata tsada, kuma da wannan karatu zai shiga gidan aurensa.

Roƙona na ƙarshe ga shugabannin makarantu da malamai ne. Kullum da safe akwai 'yan matan da ake tsarewa a bakin ƙofa saboda makara, a sa su tsallen kwaɗo ko a zane su, su ƙara rasa darasin farko. Ina roƙon a gwada wani abu na zango ɗaya. A ajiye littafi a ƙofa, duk yarinyar da ta makara a tambaye ta ƙarfe nawa ta tashi da abin da ta yi kafin ta fito, a rubuta, tare da sunan unguwarsu. A ƙarshen zango a kai littafin gaban taron iyaye da malamai, a gayyato mai unguwa da kansila, a karanta musu. In makarar ta fi yawa daga unguwar da famfonta ya mutu, to an san inda za a fara.

 Allah Ya ba mu ikon gyarawa.